Shekara 405 ko 507? Kuskuren ƙirga shekarun wata ƙumbar teku a Aislan da yadda aka gyara shi

A shekarar 2006 wani jirgin bincike ya ja kejin yasa a ƙasan teku, arewa da ƙasar Aislan, daura da tsibirin Grimsey, a zurfin da ya kai wajen mita 80. Masu aikin daga Jami'ar Bangor suke, a yankin Wales na Birtaniya, kuma abin da ya kai su shi ne ɓawon wata ƙumbar teku da masana ke kira Arctica islandica. Sun kwaso matattun ɓawo masu yawa, haɗe da masu rai wajen 200. Masu ran an zuba su a firiza tun a cikin jirgi, kamar yadda aka saba yi wa samfuri don kada ya ruɓe kafin a isa gida. A cikinsu akwai wata mai tsawon milimita 87 da faɗin milimita 73, wadda ko tafin hannun babban mutum ba ta cika ba.

A watan Oktoban 2007 aka ba da sanarwar cewa wannan ƙumba ta shekara 405 a duniya. 'Yan jaridar Birtaniya suka raɗa mata suna Ming, saboda daular Ming ce ke mulkin ƙasar Sin lokacin da aka haife ta. Mutanen Aislan kuma suka kira ta Hafrun. Bayan shekara shida, a 2013, masu binciken suka dawo suka ce lissafin farko bai cika ba: shekarunta 507 ne. Wato a 1499 ta fara rayuwa, shekarar da tarihin Kano ya ajiye ƙarshen mulkin Sarki Muhammadu Rumfa. Giɓin shekara 102 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na dukan rayuwarta, kuma waɗanda suka yi kuskuren suna cikin gwanayen wannan fanni. Abin tambaya shi ne ta ina shekara ɗari ta ɓuya a cikin ɓawon da bai fi tafin hannu ba.

Halittar da ɓawonta

'Yar'uwar ƙumbar da ake tsinta a bakin kogi ce, mai ɓari biyu da ke rufe naman a tsakiya, sai dai ɓawon wannan ya fi kauri da nauyi, kuma ya fi kusa da da'ira. Tana zaune a ruwan sanyi na arewacin Tekun Atlantika, daga gabar Amurka da Kanada zuwa Aislan, Norway da Tekun Arewa. Binne kanta take yi a yashi ko laka, ta bar gajerun bututu biyu a saman ƙasa: ɗaya na zuƙo ruwa, ɗaya na fitarwa. Abincinta ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa ne, waɗanda take tacewa. Wani lokaci takan nutse can ƙasa ta rufe bakinta ruf na kwanaki, har mako guda, tana rayuwa ba iskar oksijin, aikin jikinta ya sauka ƙasa ƙwarai.

Ɓawon yana da sassa da dole mai aiki ya san su. Daga waje akwai wata fata siririya, ruwan ƙasa-ƙasa a ƙananan ƙumba, baƙa a tsofaffi. Ƙarƙashinta sai ainihin ɓawon, wanda sinadarin alli ne na nau'in aragonayit, a shimfiɗa biyu, ta waje da ta ciki. Akwai tozo, wato ƙullutun da ke bayan ɓawon, inda girma ya faro. Akwai leɓe, bakin da ake ƙara sabon gini a kansa. Sannan akwai mahaɗa, wurin da ɓari biyun suka kama juna a ƙarƙashin tozo, mai kaurin faranti da haƙoran da ke shiga cikin juna.

Wani tantani da ke lulluɓe da naman shi ke gina ɓawon. Duk shekara ginin yakan yi sauri lokacin da abinci ya wadata, sannan ya ja baya har ya kusa tsayawa. A wannan tsaikon ake samun siririn layi mai duhu. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ita ce girman shekara guda. Kuma a wuri biyu ake rubuta wannan tarihi lokaci ɗaya: a shimfiɗar waje daga tozo zuwa leɓe, da kuma a farantin mahaɗa. Labari ɗaya ne, amma na mahaɗa da ƙananan baƙaƙe aka rubuta shi.

Matsalar ta fara daga yadda dabbar ke girma. A shekarunta na farko, kamar ashirin, takan ƙara milimita da dama a shekara. Daga nan sai girman ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ko da za a raba milimita 73 ɗin nan daidai wa daida a kan shekara 507, kowace shekara ba za ta samu fiye da milimita 0.14 ba, to balle shekarun ƙuruciya sun riga sun cinye rabo mafi tsoka. Shi ya sa girman ɓawo ba ya faɗin shekaru. Ƙumba mai shekara 80 da mai shekara 400 sai su zo kai ɗaya a ma'auni.

Yadda ake fito da layukan

Ƙirga zoben da ke bayan ɓawo da ido aikin banza ne ga tsohuwar ƙumba, don a kusa da leɓe sun cakuɗe, baƙar fatar kuma ta rufe su. Dole a tsaga.

Ana cire naman, a wanke ɓawon, a shanya, a auna tsawo da faɗi da nauyi, a ba shi lamba. Sai a zaɓi ɓari ɗaya a ja masa layi daga tozo zuwa leɓe ta inda girma ya fi nisa, layin ya ratsa haƙorin mahaɗa. Kafin a sa zarto, ana nutsa ɓawon a cikin ƙaron roba mai daskarewa, irin ifoksi, a bar shi ya sandare. Dalili: leɓen tsohuwar ƙumba yana ɗauke da shekaru gommai a cikin 'yan milimita, in zarto ya ɓantare shi sun tafi ke nan. Zarton mai bakin daimon ne, a hankali yake juyawa, ruwa na zuba a kansa. In yankan ya karkace daga layin da aka ja, tazarar za ta fito a gicciye, wasu su yi faɗin ƙarya, wasu su matse.

Bayan yanka sai guga. Ana bin fuskar da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, mataki-mataki, a ƙare da man goge na garin daimon har ta yi sheƙi kamar madubi. Wanda ya tsallake mataki zai bar ƙarce, ƙarcen da ya kwanta daidai da layukan girma kuwa a ƙarƙashin madubin likita sai ya yi kama da shekara.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko, wadda aka yi wa Ming, ita ce ɗaukar hoton fuskar da leda. Ana tsoma gogaggen ɓawon a ruwan asid na haidurokulorik mai rauni na ɗan lokaci kaɗan, minti biyu ko makamancin haka. Asid ɗin yakan ci tsakiyar tazara fiye da yadda yake cin layi, sai layukan su tsaya kamar kunyoyin gona. A ɗauraye, a bari ya bushe, a malala masa wani ruwa mai narkar da leda, a shimfiɗa siririyar ledar asitet a kai. Ledar takan yi laushi ta shiga kowane kwari. In ta bushe, bayan kamar awa guda, sai a ɓare ta a hankali, a danne ta tsakanin gilashi biyu, a sa a madubi haske na ratsa ta. In asid ya yi yawa layuka masu kusanci sai su narke su zama ɗaya. In ya yi kaɗan ba za su fito ba. Kumfar iska a ƙarƙashin leda kuma takan bar farin fili a daidai inda ake buƙatar gani. Kyawun wannan hanya shi ne in leda ta lalace ana iya sake gogewa a ɗauki wata.

Hanya ta biyu rini ce. Ana jiƙa ɓawon a wani haɗi da ake kira ruwan Mutvei, mai asid irin na binigar da sinadarin riƙe furotin da shuɗin rini, a ɗuminsa na digiri 37 zuwa 40, na wajen minti 20. Layukan sai su sha shuɗi fiye da sauran wurin. Ko wace hanya aka bi, ɓangaren da za a kai gwajin sinadari daban ake ajiye shi, ba ya taɓa rini, kuma ana kiyaye shi daga ƙaron robar.

Inda shekarun suka ɓuya

Ƙirgar 2007 a mahaɗa aka yi ta. Wannan ba ganganci ba ne, hanyar da aka saba bi ke nan, kuma tana da hujja. Mahaɗa a ɓoye take. Yashi ba ya goge ta, kaguwa ba ta cizon ta, kejin masunta ba ya fasa ta. Leɓe kuwa duk wata wahala a kansa take sauka: in guguwa ta tumɓuke dabbar, ko wani abu ya ɓantari bakinta, takan dakatar da gini na ɗan lokaci ta bar layin ƙarya wanda ba ƙarshen shekara ba ne. Mai ƙirga a leɓe yana cikin haɗarin ƙara shekaru. Ga ƙumba mai shekara ɗari ko ɗari biyu, mahaɗa ta fi tsabta, ta fi saurin karantuwa.

Sai dai farantin mahaɗa ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da nisan tozo zuwa leɓe. Duk abin da ya matse a waje, a nan ya ninka matsewa. Da shekaru suka haura ɗari huɗu, sai aka samu wurare da layi biyu ko uku suka manne har madubi ya nuna su kamar layi ɗaya mai kauri. Ba a wuri guda shekara 102 suka faɗi ba, da an gani. Ɗaya nan, biyu can, a warwatse cikin shekarun yunwa da dabbar ba ta gina komai sosai ba.

Akwai kuma gaggawa. An fitar da adadin tun kafin a gama gwada wannan ɓawo da sauran 'yan'uwansa, kuma masu binciken da kansu sun amsa haka daga baya. A ganina wannan shi ne babban laifin, ya fi zaɓen mahaɗa nauyi. Ƙirga ɓawo ɗaya, ko sau goma aka maimaita, ba ta da mai ƙaryata ta. Mutum uku za su iya duba leda ɗaya su tsallake layi ɗaya, su kuma yi murna cewa bakinsu ya zo ɗaya.

Gyaran

An koma shimfiɗar waje inda tazara ta fi faɗi, aka sake ƙirgawa. Amma abin da ya ba adadin 507 ƙarfi shi ne gwama shi da wasu ɓawo, dabarar da aka aro daga masu karanta zoben shekaru da ke cikin kututturen itace.

Tushenta mai sauƙi ne. Duk ƙumbar da ke kwance a fili ɗaya ruwa ɗaya suke sha. Shekarar da abinci ya yi yawa duka za su yi tazara mai faɗi, shekarar da ya yi ƙaranci duka za su matse. Don haka jerin faɗi da matsi ya zama kamar hatimin zamani. Ana auna faɗin kowace tazara a kwamfuta daga hoton da aka ɗauka ta madubi. Sannan a cire tasirin tsufa: a ja lanƙwasasshen layin da ke nuna yadda girma ke raguwa da shekaru, a raba ma'aunin kowace shekara da abin da ake sa rai a wannan shekarun. Abin da ya rage lamba ce da ke kai-komo a kusa da 1. Sama da 1 shekarar ƙoshi, ƙasa da 1 shekarar wahala. In ba a yi wannan ba, ƙuruciyar wata ƙumba za ta yi kama da shekarun albarka alhali ƙuruciya ce kawai.

Ana farawa da waɗanda aka kama da rai, don an san shekarar layinsu na ƙarshe. Shi ya sa jerin Aislan ya tsaya a 2005, shekarar ƙarshe da ta cika kafin kamun 2006. A jera su, a bi baya. A ce ɓawo biyar sun nuna matsattsun shekaru biyu a jere sannan mai faɗi ɗaya, na shida kuma ya nuna matsattsiya ɗaya tak kafin mai faɗin. Daga wannan wuri zuwa baya duk jerinsa zai goce da shekara ɗaya. Mai aiki ya san takamaimai inda zai koma a kan leda ya nemi layin da ya tsallake. Haka ma layin ƙarya: zai sa jerin ya goce ta ɗaya gefen. Da wannan ake kama kuskuren mahaɗa da na leɓe gaba ɗaya.

Matattun ɓawo su ke kai jerin can baya. Wanda ya mutu shekara 300 da suka wuce, ƙarshen rayuwarsa ya haɗu da ƙuruciyar wata tsohuwa da aka kama da rai. In hatiminsu ya dace a tsawon shekaru masu yawa, an samu gada. Haɗuwar shekara goma ko ashirin ba abin dogaro ba ce, don dace na iya faruwa haka kawai. Da irin wannan ɗinki masu binciken, Paul Butler da James Scourse da Alan Wanamaker da abokan aikinsu, suka gina jeri na shekara 1,357 a arewacin Aislan, daga 649 zuwa 2005. Kafin nan sun yi na shekara 489 a ruwan tsibirin Man, tsakanin Birtaniya da Ayalan. Amfanin Ming a wannan gini shi ne doguwar gada ce guda ɗaya da ta ratsa ƙarni biyar.

Gwajin kabon-14, wani nau'in kabon da ke raguwa a hankali da shekaru har a iya kiyasta tsufan abu da shi, ya goyi bayan sabon adadin, amma a san iyakarsa. Ba ya ba da shekara, zango yake bayarwa na shekaru gommai. Ga kuma matsalar teku: kabon da ke narke a ruwan teku ya tsufa, har halittar da ta mutu jiya takan nuna kamar ta shekara 400 da mutuwa, a matsakaici. A arewacin Aislan wannan ƙarin shekaru ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin can ne ruwan Atlantika mai ɗumi ke karo da ruwan ƙanƙara na arewa, kowanne da tsufan kabonsa. Ɗan ƙaron roba da ya shiga samfuri ma zai ƙara masa shekaru, tunda daga man fetur aka yi shi, ba shi da kabon-14 ko kaɗan. Don haka aikin wannan gwaji shi ne ya nuna ƙarnin da mataccen ɓawo ya fito, a san inda za a nema masa gurbi. Inda ya yi babban amfani shi ne tabbatar da cewa layi ɗaya shekara ɗaya ce: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama, musamman daga shekarun 1950 zuwa 1963, sun cika iska da kabon-14, ya sauka teku, kuma hauhawarsa ta bayyana a daidai layukan da ƙirga ta ce na wannan zamani ne.

Duk da haka 507 na iya gocewa da shekara ɗaya ko biyu, musamman ta wajen tozo, inda gugar ƙarnoni kan cinye layukan farko. A gwada da kifin shak na Girinlan da aka yi wa kiyasi a 2016 ta kabon-14 na ƙwayar idonsa: shekara 392, da yiwuwar ƙari ko ragi na 120. Wancan kiyasi ne, na Ming ƙirga ce. Shi ya sa ake ɗaukar ta a matsayin dabba guda, ba tarin halittu irin murjani ba, da ta fi kowace tsufa cikin waɗanda aka tantance shekarunsu dalla-dalla. Kafin ita, wata ƙumbar Aislan mai shekara 374 ce ke riƙe da kambun.

Abin da aka je nema tun farko

Ba kambu ya kai su teku ba. Ma'aunin zafin teku da na'ura bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a mafi yawan wurare, ga shi babu itace a ƙarƙashin ruwa. Tunda kowane layi ya samu shekararsa, ana iya huda shi da ɗan ƙaramin abin huji a ɗebo gari, a auna rabon oksijin mai nauyi da mara nauyi. Ruwa in ya yi sanyi ɓawo yakan ɗauki mai nauyin da yawa: sauyin kashi ɗaya cikin dubu yana daidai da wajen digiri 4.3. Tarkon da ke nan shi ne gishiri, don narkakkiyar ƙanƙara ma tana sauya wannan rabo, sai ta yi kama da ɗumi. Hujin kuma a hankali ake yi, zafin gogayya na iya ɓata aragonayit ɗin. Wani bincike da aka wallafa a 2016 daga ɓawon wannan wuri, mai ɗauke da shekara fiye da dubu, ya nuna cewa kafin wajen 1800 sauyin teku ne ke riga sauyin zafin iskar arewacin duniya, bayan nan kuma abin ya juya. Magana irin wannan, ta wane ya riga wane, ba ta yiwuwa da jerin da ya goce ko da 'yan shekaru ne, balle ɗari.

Zargin kisa

Da labarin 2013 ya fita, jaridu da dama sun rubuta cewa masana sun kashe dabba mafi tsufa a duniya garin son sanin shekarunta. Jerin abubuwan bai tafi haka ba. Firizar jirgi ce ta kashe ta a 2006, tare da sauran, tun ba wanda ya san akwai wani abu na daban game da ita, kuma babu hanyar da za a sani daga waje. Har yanzu ba a da wata dabarar ƙirga shekarun tsohuwar ƙumba daidai ba tare da an tsaga ɓawonta ba.

Ƙumba 200 ɗin nan ɗigo ne idan aka dubi abin da ake kamawa don ci. A gabar gabashin Amurka jirage na jan keji mai feshin ruwa da ke tone yashi, suna kwaso wannan nau'i da yawan gaske, a yayyanka naman a zuba a gwangwani da miyar ƙumba, ba wanda ke duba layin ko ɗaya. A Tekun Arewa kuma jan raga mai nauyi a ƙasan teku yana farfasa ɓawonsu, har hukumar OSPAR mai kula da arewa maso gabashin Atlantika ta sa nau'in cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana ko raguwa a wannan yanki. Filin da aka share yana daɗewa bai farfaɗo ba, domin sabbin 'ya'ya ba kowace shekara suke kamawa da yawa ba, waɗanda suka kama kuma sai sun ɗauki shekaru gommai kafin su kai girman waɗanda aka kwashe.